Ciwon Damuwa Gida Shida: Da Mudun Wa Aka Auna?

A watan Yunin 2024 mujallar Nature Medicine ta wallafa wani bincike daga Jami'ar Stanford da ke Amurka, wanda Leonardo Tozzi da Farfesa Leanne Williams da abokan aikinsu suka yi. Kafafen labarai suka ɗauke shi da zafinsa: wai an gano ciwon damuwa kala shida ne, kuma hoton ƙwaƙwalwa zai nuna wanda mutum yake ɗauke da shi, har da maganin da zai karɓe shi. Mai karatu, idan a gidanku akwai wanda ya shekara yana canza magani, a ba shi wannan a ce ya dawo bayan sati shida, ya dawo a ce a gwada wancan, to ka san yadda irin wannan labari yake shiga rai. Har yau likita ba shi da gwajin da zai yi ya ce ga ciwon damuwa, kamar yadda ake ɗiga jini a gano zazzaɓin cizon sauro. Tambaya yake yi, ya saurara, ya gwada. Duk wanda ya zo da alƙawarin hoto zai maye gurbin wannan lalube, dole a saurare shi.

Na karanta binciken, kuma ra'ayina shi ne aiki ne na ƙwararru, amma abin da ya tabbatar bai kai rabin abin da aka yayata ba. Kafin in gaya maka dalili, sai mun fahimci abin da ake nufi idan an ce sassa biyu na ƙwaƙwalwa "suna da haɗi", domin duk rigimar a kan wannan kalma take.

Na'urar da ake kira fMRI ba ta ganin tunani. Ko saƙon da ke gudana a cikin jijiyoyi ba ta gani. Jini take bi. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida jini mai ɗauke da iskar oksijin yakan kwararo wurin, kuma jinin da ke da oksijin da wanda ya sauke nasa ba iri ɗaya suke amsa maganaɗisu ba. Wannan bambanci ne Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa za a iya ɗaukar hotonsa. A 1995 kuma Bharat Biswal ya lura da wani abin mamaki: ko mutum yana kwance ba ya komai, sashen da ke motsa hannun dama da wanda ke motsa na hagu suna tashi tare, su sauka tare, a hankali. Daga nan aka fara zana taswira. Duk sassa biyu da jininsu yake hawa da sauka lokaci guda, sai a ja layi a tsakaninsu a ce suna da haɗi. A 2001 Marcus Raichle ya bayyana wani rukunin sassa da ke farkawa idan mutum ya zauna shiru yana saƙe-saƙen zuci, su lafa idan ya kama aiki.

Tunanin da ke bayan wannan fanni daidai ne, kuma mutumin Haɗeja zai riga kowa gane shi. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza: kogin da a da yakan ja baya da rani ya koma yana da ruwa kusan duk shekara. Ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta haɗu da laka, suka toshe wasu rassan. Ruwan da ya kamata ya bi tsohuwar hanyarsa zuwa Gashuwa sai ya karkata, mafi yawansa ya bi reshen Marma ya nufi Nguru, ya cinye gonaki a wani wuri, wani wurin kuma fadama ta bushe. Manomin da gonarsa ta nutse a ƙasar Guri, idan ka tsaya kana tono a cikin gonar kana neman laifinta, ba za ka samu komai ba. Matsalar tana can sama, a hanyar ruwa. Haka masu wannan bincike suke kallon lalurar ƙwaƙwalwa: maimakon neman wani gurbi ɗaya da ya lalace, a duba yadda sassa suke aika wa juna saƙo. Ba ni da ja a kan wannan.

To amma ga inda misalin yake juyowa ya ciji mai shi. Ka ɗauka an ba wani baƙo alƙaluman zurfin ruwa na kududdufai biyu, ɗaya a Malam Madori, ɗaya a Kafin Hausa, bai taɓa taka ƙasar ba. Ya ga duk biyun suna cika a watan Agusta, suna ja baya idan kaka ta yi. Sai ya ɗauki biro ya ja layi a tsakaninsu, ya rubuta cewa akwai mashigar ruwa da ta haɗa su. Kai da ka san wurin dariya za ka yi, ai ruwan sama ne ya cika su duka. A cikin ƙwaƙwalwa ma akwai irin wannan ruwan sama: numfashi, bugun zuciya, gyangyaɗi, da motsin kai. A 2012 ƙungiyoyin bincike uku daban-daban suka nuna cewa motsin kai da bai kai milimita ɗaya ba yana iya ƙirƙiro haɗin da babu shi, ya kuma ɓoye wanda yake akwai. Wa ya fi motsi a cikin na'ura? Yara, tsofaffi, da marasa lafiya, wato daidai mutanen da ake son kwatantawa da masu lafiya. Wani bincike na 2014 ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na mutanen da ake cewa suna kwance a farke, barci yakan fara ɗaukarsu cikin minti uku. Sannan ko haɗin na gaske ne, layin ba ya gaya maka ta ina ruwan yake gangarowa, ko wane sashe ne yake jan wani.

Yanzu mu dawo kan binciken Stanford. Sun ɗauki hoton mutum 801 masu ciwon damuwa ko ciwon fargaba, kusan dukkansu ba sa shan maganin ciwon a lokacin. An ɗauke su suna hutawa, an kuma ɗauke su suna wasu ayyuka, kamar kallon fuskokin mutane masu fushi, tsoro ko murna, da danna maɓalli idan an ga alama, a dakata idan ta canza launi. A nan zan yaba musu. Da yawa daga masu irin wannan aiki sukan yanka ƙwaƙwalwa gida 300, wanda ke ba da layuka 44,850, su jefa taru a ciki su ga abin da zai kamo. Wanda ya jefa taru mai faɗin haka ba zai dawo hannu rabbana ba, ko da tarkace ne. Su Williams ba su yi haka ba. Sun zaɓi rukunai shida da aka daɗe ana nazari a kansu, suka taƙaita ma'auninsu a abubuwa 41. Daga nan suka sa manhajar kwamfuta ta tara masu kama da juna wuri ɗaya, aka samu gida shida. Mutum 250 daga cikinsu an ba su magani ko jinyar tattaunawa, sai aka ga wani gida ya fi samun sauƙi da maganin venlafaxine, wani kuma da tattaunawa.

Matsala ta farko ita ce kalmar "kala". Je ka kasuwar kifi ta Haɗeja. Idan mai kifi ya ware tarwaɗa gefe, karfasa gefe, wannan rabo ne na asali, ko wa ka kira zai raba su haka. Amma idan tarwaɗa ce zalla ya kasa ta manya, matsakaita da ƙanana, wannan kasawa ce tasa. Ka ce ya yi kashi huɗu zai yi, ka ce shida zai yi, kuma maƙwabcinsa zai yanka iyakar a wani wuri daban. Manhajar da ke tara mutane gida-gida kamar mai kifin nan take: duk abin da ka zuba mata sai ta kasa shi, ko akwai rabo na asali ko babu. Marubutan sun yi gwaje-gwaje don nuna kason nasu ba na kawai ba ne, sun raba bayanan gida biyu sun sake lissafi, amma duk a cikin buhu ɗaya ake ta juyawa. Abin da zai raba gardama shi ne wasu masu bincike daban, da marasa lafiya daban, da na'ura daban, su fito da gida shidan nan. Kuma ka lura, ɗaya daga cikin gidajen shida hotonsu bai bambanta da na masu lafiya ba, alhali suna fama da ciwon.

Ba tsoron banza nake ba ka ba, an taɓa yin haka. A 2017 wannan mujalla dai ta wallafa aikin Andrew Drysdale da Conor Liston, wanda ya ce ciwon damuwa kala huɗu ne, shi ma daga taswirar haɗin ƙwaƙwalwa. Duniya ta ɗauka, an ambace shi a dubban rubuce-rubuce. A 2019 Richard Dinga da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka bi matakan a kan mutum 187. Suka nuna cewa hanyar lissafin tana iya fitar da alaƙa mai kama da ƙarfi ko da daga alƙaluman da aka yamutsa da gangan, kuma ba su ga hujjar cewa akwai gidaje na asali ba. An yi musu a kan cewa marasa lafiyar Holan ba irin na farko ba ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a musun. Amma yau shekaru sun wuce, babu asibitin da yake raba marasa lafiya gida huɗun nan a aikinsa na yau da kullum. Jiya huɗu, yau shida, kuma shidan ba huɗun ba ne da ƙarin biyu.

Matsala ta biyu lissafi ne da ɗan firamare zai yi. Mutum 250, gida shida, magunguna uku da jinyar tattaunawa. Ko da an raba daidai, kowane akwati wajen mutum goma ne kawai. Idan a cikin goma mutum biyu suka samu sauƙi don wani dalili nasu, an biya su bashi ko rigimar gida ta mutu, sakamakon ya juya. A ɓangaren magungunan kuma babu waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da sinadari don kwatance. Mafi muhimmanci, babu mutum ɗaya da aka zaɓar wa magani saboda gidan da hoto ya sa shi. An ba da maganin tukuna, daga baya aka waiwaya aka duba wa ya warke.

A 2022 Scott Marek da Nico Dosenbach da wasu suka wallafa a mujallar Nature abin da ya girgiza fannin gaba ɗaya. Sun haɗa hotunan kusan mutum 50,000, suka nuna cewa alaƙar da ke tsakanin taswirar ƙwaƙwalwa da halayyar mutum ko lafiyar hankalinsa siririya ce ƙwarai, sai an tara dubban mutane kafin a same ta ta tsaya. A lokacin, matsakaicin bincike a fannin mutum 25 yake ɗauka. A shekarar dai, Nils Winter da abokansa a Jamus suka gwada mutum 1,809, kusan rabi masu ciwon damuwa, rabi masu lafiya. Duk ma'aunin hoton da suka ɗauka, bai iya raba su daidai fiye da kashi 54 zuwa 56 cikin ɗari ba. Jefa kwabo sama yana ba ka kashi 50. Abin da ya fi hoton iya rabawa, wajen kashi 70, tambayoyi ne a takarda: kana da waɗanda kake jingina da su? An cutar da kai kana yaro? Ba na so in cika baki da wannan, domin mai ciwon damuwa yakan ga kamar ba shi da kowa ko da yana da su. Duk da haka, takarda da biro sun kayar da na'urar biliyoyin naira.

Matsala ta uku ita ce ta fi shafar mu. Makin da aka ba kowane marar lafiya a binciken Stanford, an same shi ne ta hanyar auna nisansa daga masu lafiya 137. Su ne mudun. An ɗauki hotunan a Amurka da Ostareliya. To ka kawo masunci daga Kirikasamma ka kwantar da shi a na'urar. Ka tuna jini ake aunawa, kuma ƙarfin alamar yana tafiya da yawan jan sinadarin da ke cikin jinin. A yankin da zazzaɓin cizon sauro, tsargiya da sikila suke rage wa mutane jini, alamar za ta iya kaucewa mudun tun kafin a zo maganar damuwa. Ga kuma goro da shayi. Russell Poldrack, wani masani da ya yi shekara ɗaya da rabi yana shiga na'urar da kansa a kai a kai, ya ga taswirarsa tana canzawa tsakanin ranakun da ya karya kumallo ya sha kofi da ranakun da bai sa komai a bakinsa ba. Sinadarin da ke cikin kofi shi ne a cikin goro. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, taswira ta motsa saboda abin karin kumallo. Fuskokin da ake nunawa a allo ma, da tambayoyin da ake auna tsananin ciwon da su, an gina su ne a kan mutanen can. Namu marar lafiyar sau da yawa ba zai ce yana baƙin ciki ba. Zai ce kansa yana zafi, jikinsa ya mutu, tunani ya yi masa yawa, barci ya ƙaurace masa.

Ko a cikin Amurka an gwada wannan. Jingwei Li da abokan aikinta sun nuna a 2022 cewa manhajar da ke hasashen halayya daga taswirar haɗin ƙwaƙwalwa ta fi yin kuskure a kan baƙaƙen fatar Amurka fiye da farare. Idan mudun ya kasa auna maƙwabci, ina ga mu? Kuma ba mu da hanyar ƙera namu cikin sauƙi. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya samu na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, don mutum sama da miliyan 370. A lokacin Najeriya ce ke da 58, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na na'urorin Najeriyar masu ƙaramin maganaɗisu ne, waɗanda ba a yin irin wannan taswira da su.

Kada ka ɗauka ina cewa auna ƙwaƙwalwa ba ya amfani. A Kano ma akwai misalin yadda ma'auni yake zama abin dogaro. Yaro mai sikila yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wata ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da sautin da kunne ba ya ji. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗarin ya yi yawa. A 1998 wani gwaji a Amurka ya raba irin waɗannan yara gida biyu, ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ƙarin jini duk wata abu ne mai wuya a wurinmu, don haka likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ciki har da Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin hydroxyurea a kan yara 220, aka wallafa sakamakon a 2022. Ka ga tsarin: an auna, an yanke hukunci bisa awon, an bi yaran shekaru, an ƙirga waɗanda suka tsira. Kuma a kan yaranmu aka yi.

Wannan matakin ne taswirar haɗin ƙwaƙwalwa ba ta haye ba tukuna. Inda aka gwada ta a babban gwaji, sakamakon ya sanyaya gwiwa. Akwai wata jinya da ake yi da bugun maganaɗisu a goshi ga waɗanda magani ya ƙi karɓa, kuma an daɗe ana cewa idan aka yi amfani da taswirar haɗin mutum wajen zaɓar daidai inda za a buga, za a fi dacewa. Wani ƙaramin gwaji a Stanford mai mutum 29 ya ba da sakamako mai ban sha'awa. Amma a farkon 2024 Richard Morriss da abokansa a Ingila suka kwatanta hanyar taswira da hanyar da aka saba a kan mutum 255, suka bi su wata shida. Duka ɓangarorin sun samu sauƙi, taswirar ba ta ƙara komai ba. Gidaje shidan su Williams irin wannan jarrabawa suke jira: a raba marasa lafiya biyu, rabi hoto ya zaɓar musu magani, rabi likita ya zaɓa yadda ya saba, a ƙirga.

Saboda haka idan wani ya ce ka sayar da buhunan shinkafarka ka kai ɗan'uwanka a ɗauki hoton kansa don a gano irin damuwarsa, tambaye shi me hoton zai canza a maganin. Akwai lokacin da hoto wajibi ne: dattijon da halinsa ya juya farat ɗaya, wanda ɓarin jikinsa ya yi sanyi, wanda farfaɗiya ta fara kama shi da girmansa, mai ciwon kai da amai da ke ƙaruwa, ko wanda ya bugu a ka. Wannan hoto ne na neman ƙari ko zubar jini, ba shi da alaƙa da taswirar da muke magana a kai, kuma likita ne zai ce a yi. Wanda kuwa ya yi sati biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, ba barci ba cin abinci, ko ya fara maganar gara ya mutu, likita yake buƙata da wuri, ko a babban asibitin da ya fi kusa, ko asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau a Kano. Kuɗin hoton ya fi amfani a kuɗin mota na komawa ganin likita karo na biyu da na uku, domin magungunan da ake da su sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin a san ko sun karɓi mutum, kuma a wannan tsakanin ne da yawa suke yanke ƙauna su daina sha.